KAFIN MOTAR CI-RANI TA TASHI: A FAƊA WA ƳAN LAKWAL GASKIYA GAME DA SIDA

Duk shekara, da zarar an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, sai tashoshin mota na Tamaske da Keita da Buza da Madawa su cika maƙil da samari, kowa da ƙullin kayansa, ana cinikin kuɗin mota. Wasu za su bi ta Birnin Ƙonni su tsallaka Illela zuwa Sakkwato da Legas, wasu su miƙe Kwatano da Lome da Abijan, wasu kuma su yi arewa ta Agadas zuwa Aljeriya da Libiya. Ci-rani gado ne a ƙasar Adar. Da kuɗinsa aka gina gidaje da masallatai, da shi ake cike giɓin cimaka a shekarar fari, da shi kuma aka kafa jarin da yawa daga cikin manyan ƴan kasuwar da ake ji da su a yau. Amma duk wanda ya tsaya ya dubi fuskokin matafiyan da kyau zai ga cewa a cikinsu akwai yaran da ko gemu bai fara fito masu ba, waɗanda bara warhaka suna zaune a aji gaban mushe. Tambayar da ta rataya a wuyan hukuma da iyaye ita ce: wane guzuri lakwal ta ba yaron nan kafin ya hau motar? Ya san lissafi gwargwado, ya san sunayen manyan biranen duniya. Shin ya san yadda ake ɗaukar cutar sida da yadda ake kauce mata?

Amsar ba ta da daɗin ji. Binciken ƙasa kan lafiya da yawan jama'a na shekarar 2012 ya nuna cewa a cikin matasa ƴan shekara 15 zuwa 24, kimanin kashi 14 cikin ɗari na mata da kashi 25 cikin ɗari na maza ne kaɗai ke da cikakken sani game da cutar, wato sun san hanyoyin kariya, sun kuma san cewa sauro ba ya yaɗa ta, cin tuwo a kwano ɗaya ba ya yaɗa ta, kuma mutum na iya ɗauke da ƙwayar alhali jikinsa garau. Wannan adadi ya fito ne shekaru 25 bayan da aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Nijar, a 1987. Shekaru 25 na tarurruka a manyan otal na Yamai, da riguna masu rubutu, da jawabai na ranar 1 ga Disamba, amma cikin ƴan mata bakwai, shida ba su san abin da zai tsirar da rayukansu ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Akwai masu cewa maganar ta wuce, tunda cutar ba ta yi yawa a Nijar ba. Gaskiya ne alƙaluman sun sauka. Binciken 2002 ya ba da kashi 0.87 cikin ɗari na baligai, na 2006 ya ba da 0.7, na 2012 kuma 0.4, kuma ƙiyasin baya-bayan nan ya yi ƙasa da haka. Wannan abin godiya ne ga Allah, kuma masana sun danganta shi da abubuwa da dama, ciki har da kaciyar maza, wadda gwaje-gwajen da aka yi a Afirka ta Kudu da Kenya da Yuganda tsakanin 2005 da 2007 suka nuna tana rage wa namiji haɗarin kamuwa da kusan kashi 60 cikin ɗari. Sai dai adadin ƙasa baki ɗaya yana ɓoye abin da ke ƙarƙashinsa. Binciken 2002 ɗin nan ya samu cewa a cikin mata masu zaman kansu, kusan ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar, kuma adadin sojoji da direbobin manyan motoci ya haura na sauran jama'a. Cutar tana bin hanya, tana bin tasha da bariki da garin baƙunci. Yankin da samarinsa ke shafe wata bakwai ko takwas a waje duk shekara ba shi da dalilin fakewa da adadin ƙasa.

Dattawan Adar ba sa bukatar a tuna masu. A ƙarshen shekarun 1980 bincike ya nuna cewa sida ce kan gaba wajen kashe maza baligai a birnin Abijan, garin da ɗan Adar ke ɗauka tamkar gida na biyu. A shekarun da suka biyo baya, ƙauyuka da yawa sun ga magidanci ya dawo daga Kurmi a rame, yana tari yana gudawa, a ce sammu ne, ko iska, ko ciwon shawara. Bayan ya rasu matarsa ta gama takaba ta yi wani aure, wani lokaci ma a gidan, ba wanda ya auna jinin kowa, sai ga jariri ya ƙi girma. A daidai lokacin ne kuma matan yankin suke ɗaukar duwatsu bisa kai a Aikin Keita, wanda aka soma a 1984 da tallafin ƙasar Italiya da hukumar FAO, suna gina shingayen tare ruwa, suna dasa miliyoyin itatuwa, don mazan sun tafi nema. Matan da suka raya ƙasar da ta mutu, wasunsu sakamakon da suka samu shi ne ciwon da ba su taɓa jin sunansa ba. Wannan bashi ne a kan al'umma, kuma hanyar biyansa ita ce kada ƴaƴansu da jikokinsu su faɗa ramin a makance.

Me ya sa lakwal? Don ita ce wuri na ƙarshe da hukuma ke haɗuwa da yaro ido da ido kafin ya bi duniya. Gidan likita sai marar lafiya ke zuwa. Rediyo ana saurare ana wata hira. Amma aji yana tara yara wata tara a shekara, a gaban mutum ɗaya da suke girmamawa. Ƙaramar hukumar Tamaske kaɗai ta haura mutum dubu ɗari a ƙidayar 2012, kuma kamar sauran ƙasar, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. Akwai kuma wani abin lura. Yawancin yaran karkara ba sa kaiwa lise, da yawa ma ba sa shiga kwaleji. Idan aka ajiye darasin sai aji na uku ko na huɗu na kwaleji, kamar yadda aka saba cusa shi cikin darasin kimiyyar halittu, to an ajiye shi ne ga ƴan tsirarun da suka rage, bayan wanda zai tafi ci-rani ya tafi, wadda za a aurar an aurar. Binciken 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar ana yi masu aure kafin shekara 18, kashi 28 kafin shekara 15. Saboda haka wurin darasin shi ne azuzuwan ƙarshe na firamare da farkon kwaleji. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masu adawa suna da hujjarsu, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa maganar jima'i a gaban yara buɗe masu ido ne, kuma littattafan da ake kawowa daga waje ba su san kunya ba, ba su san addini ba. Tarihin ƙasar nan ya nuna cewa duk abin da aka yi nufin ɗora wa jama'a daga sama a wannan fanni, faɗuwa yake yi. Dokar iyali ta sha ƙasa a shekarun 1990, ta sake shan ƙasa a 2011. A 2012 ƙudurin dokar kare ƴan mata ƴan makaranta ya maƙale a Majalisar Dokoki bayan ƙungiyoyin addini sun nuna rashin amincewa. A maƙwabciya Najeriya, inda aka fito da manhajar ilimin zaman iyali da sida a 2003, jihohin arewa sai da suka yi mata gyara kafin su karɓa, kuma a 2022 ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, ya ba da umarnin cire ilimin jima'i daga manhajar matakin farko. Darasin da ke cikin wannan a fili yake: wanda ya tsallake malamai da sarakuna da iyaye, ya gina kan yashi.

Amma al'ummomin Musulmi da suka yi nasara sun sami hanyar yin magana ba tare da zubar da mutunci ba. A Senegal, ƙungiyar Musulmi ta Jamra ta shiga aikin tun da wuri, kuma a 1995 aka tara manyan malaman addini suka tattauna cutar a fili, daga nan maganar ta shiga huɗuba. Senegal na cikin ƙasashen Afirka da cutar ba ta taɓa yi wa katutu ba. A Yuganda, ƙungiyar likitoci Musulmi ta horar da limamai tun 1992, sannan ta kai darasin cikin makarantun Islamiyya, inda ake koya wa yara yadda cutar ke yaɗuwa tare da tarbiyyar kame kai da tausaya wa marar lafiya. Littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaure sun yi bayanin balaga da haila da janaba da wanka ba tare da kewaye-kewaye ba, kuma ba wanda ya ce sun lalata almajirai. Dangane da tsoron buɗe ido kuwa, hukumar UNESCO ta tattara bincike masu yawa a 2009, ta sabunta a 2018, ta samu cewa irin wannan darasi ba ya sa yara su fara jima'i da wuri, sau da yawa ma jinkirta shi yake yi. A yau kuma da wayar salula ke hannun kowane saurayi, idon ya riga ya buɗe. Zaɓin da ya rage shi ne yaro ya ji daga bakin malami mai mutunci, ko ya ji daga bidiyon banza da abokan tasha.

Sai dai wajibi ne a faɗi ɗaya gefen gaskiyar, don kada masu shirya tarurruka su ɗauka cewa da an buga littafi an gama. A yankin Mwanza na Tanzaniya an yi wani babban gwaji mai suna MEMA kwa Vijana daga ƙarshen shekarun 1990, a garuruwa 20, inda malaman firamare suka koyar da darasin da kyau. Sanin yara ya ƙaru sosai, amma da aka auna jini, adadin masu kamuwa bai ragu a fili ba. Dalili kuwa shi ne yarinyar da ta san komai, in ba ta da iko da kanta, saninta ba zai hana a ba da ita ga wanda ya ninka ta shekaru ba. Abin da ya fi tasiri shi ne zamanta a makarantar. A Botswana, wani gyaran tsarin ilimi na 1996 ya sa yara da yawa suka ƙara shekara ɗaya a sakandare, kuma bincike ya nuna cewa kowace ƙarin shekara ta rage haɗarin kamuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A gundumar Zomba ta Malawi, ƴan matan da aka riƙa ba su da iyayensu ɗan kuɗi kowane wata, an samu kashi 1.2 cikin ɗari da ƙwayar, alhali waɗanda ba a ba su ba kashi 3. A yammacin Kenya, bayani ɗaya tak, cewa manyan maza sun fi samari ɗauke da cutar, ya rage cikin ƴan makaranta da kashi 28 cikin ɗari. Ma'anar wannan ga Keita da Buza da Madawa ita ce, bencin da yarinya ke zaune a kai shi kansa rigakafi ne.

To, ina bencin yake? Ba asiri ba ne cewa dubban azuzuwa a ƙasar nan na zana ne, ba a kafa su sai an gama girbi an samu kara, kuma da hadarin farko ya taso an tashi. Gobarar da ta cinye yara a irin waɗannan azuzuwa a Yamai a watan Afrilu na 2021 da Maraɗi a watan Nuwamba na shekarar ta nuna wa duniya halin da ake ciki. Tun ƙarshen shekarun 1990 aka koma dogaro da malaman kwantaragi, masu ƙaramin albashi da gajeren horo. Yarinyar ƙauye da ta ci jarrabawar shiga kwaleji kuwa, sai an nema mata mai riƙo a gari, inda sau da yawa take zama ƴar aiki, ba abinci isasshe, ba mai tsawata wa masu tare ta a hanya. Nan ne iyaye ke cewa gara aure, kuma ba a ga laifinsu gaba ɗaya ba. Dokar da gwamnati ta sa wa hannu a watan Disamba na 2017 don kare yarinya mai karatu ta yi alkawarin tallafi da rakiya, aka kuma fara gina gidajen kwana na ƴan mata, kamar na Kelle a jihar Damagaram. Hanyar daidai ce. Abin da ake jira shi ne ta iso ƙauyukan Adar da Maggiya, ta kuma ɗore ko da gwamnatoci sun canza.

Akwai wata magana mai ɗaci da ma'aikatan ilimi suka fi kowa sani. Wani lokaci haɗarin yana cikin lakwal ɗin kanta. Malamin da ke sayen mutuncin ɗaliba da maki, ko ya yi mata ciki a rufe maganar da canjin wurin aiki, ba shi da bakin koyar da kame kai. Mafi yawan malamai mutanen kirki ne masu aiki cikin wahala, kuma su ne irin wannan mutum ke fara ɓata wa suna. Ƙungiyoyin malamai da suka iya rufe makarantu saboda albashi, ya kamata su iya fitar da ɓara-gurbi daga cikinsu. Sufetocin ilimi kuma su daina maida ƙauye mai nisa wurin ɓoye mai laifi.

Abin da za a koyar ba shi da yawa, kuma ba ya bukatar injin kwamfuta ko wutar lantarki. Yaro ya san cewa ƙwayar tana bi ta jima'i, ta jini, da kuma daga uwa zuwa jariri lokacin ciki ko haihuwa ko shayarwa. Ya san cewa askar wanzami da reza da allurar mai maganin tebur, in an yi amfani da su ga mutum biyu ba a dafa ko an canza ba, suna iya ɗaukar sida da ciwon hanta. Ya san cewa kame kai kafin aure da riƙon amana bayan aure su ne garkuwa ta farko, kuma manya daga cikinsu su san amfanin kwaroron roba, musamman ga ma'auratan da ɗayansu ke ɗauke da ƙwayar. Ya san cewa awon jini kafin ɗaurin aure da bayan dawowa daga doguwar tafiya ba zargi ba ne. Ya san cewa tun 2004 aka fara ba da maganin rage ƙarfin cutar a Nijar, ana ba da shi kyauta, kuma wanda ya riƙe shan sa har ƙwayar ta daina bayyana a awo yana rayuwa kamar kowa, ba ya saka wa matarsa, mace mai ciki kuma na iya haihuwar ɗa lafiyayye. Ya san cewa dokar 2007, wadda aka sabunta a 2015, ta hana wulaƙanta mai cutar. Mata su ji daga bakin malama ko ungozoma, maza daga bakin malami, a aji dabam-dabam, bayan an karanta wa iyaye da limamai abin da za a faɗa. Kuma a faɗa da Hausa, da Tamashek ko Fulatanci inda ya dace. Tun 1973 ƙasar nan ke gwajin makarantun harshen gida, kuma kundin da aka fitar a watan Maris na 2025 ya ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa. Ba hujjar a ci gaba da bayyana wa yaro abin da ya shafi ransa cikin Faransancin da bai gama ji ba.

Sauran magana ita ce kuɗi. Shekara da shekaru yaƙin nan yana tafiya ne da aljihun waje, musamman Asusun Duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, wanda aka kafa a 2002. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙetare, daga baya aka rufe hukumar USAID, wasu ƙasashen Turai ma suka rage nasu. Idan kuɗi suka yi ƙaranci, magani ake fara karewa, faɗakarwa ce ke fara mutuwa. Wanda ya dogara da tuwon maƙwabci, ranar da maƙwabci ya yi baƙi da yunwa zai kwana. Alhali kuwa wannan aiki na cikin mafi araha: horon kwana kaɗan ga malami ɗaya da malama ɗaya a kowace makaranta, ɗan littafi da Hausa, da ziyarar ma'aikacin lafiya sau biyu ko uku a shekara.

Nan ne nauyi ya sauko kan ƴan kasuwa da ma'aikata. Attajiran Tamaske da Madawa da ke loda albasa zuwa Abijan da Akara, su ne iyayen gidan direbobi da yaran mota, su ne kuma masu masaukin da ɗan ci-rani ke fara sauka. Kalmarsu ta fi ta kowane allon talla nauyi. Ƙungiyoyin ƴan asalin yankin da ke zaune a ƙetare, waɗanda suka saba haɗa kuɗi don masallaci da rijiya, suna iya haɗawa don ɗakin kwanan ƴan mata kusa da kwaleji, da buhun hatsin da zai ciyar da su. Gwamna da shugabannin gundumomi da sufetoci suna iya zaunar da sarakuna da limamai da kwamitocin iyaye kafin buɗe makarantu, a amince da abin da za a koyar, kamar yadda makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram suka jawo magidanta cikin maganar lafiyar matansu. Makarantun allo da na Islamiyya, waɗanda ke riƙe da yaran da lakwal ba ta taɓa gani ba, a sa su cikin shirin tun daga tushe, a matsayin masu shawara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙasar Adar ta taɓa nuna wa duniya cewa tudun da ya bushe yana iya sake yin kore idan jama'a suka ɗauki dutse ɗaya-ɗaya. Ƙarancin masu cutar a yau dama ce da ƙasashe da yawa suka yi kukan rashinta, kuma dama ba ta zama har abada. Kaka na tafe, motoci za su sake cika, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da zai hau motar bana yana zaune a aji yanzu, yarinyar da za a kai ɗakinsa baɗi ita ma tana nan, in ba a riga an cire ta ba. A faɗa masu gaskiya cikin ladabi tun suna kusa. Allah Ya kare zuri'a, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke kansu.